A Sanya Makewayi Cikin Shirin Sallah Kafin Baƙi Su Iso

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana magidanta na arewacin Kamaru da maƙwabtanmu na Chadi a kan wani sashe na gida da ba a cika ambatonsa a bainar jama'a ba, wato makewayi. Na san akwai waɗanda za su ga bai dace a kawo irin wannan zance cikin jarida ba, amma malamanmu na zaure ba su ji nauyin fara mana karatun ibada da babin tsarki ba, don haka ni ma ba zan ji nauyi ba, musamman yanzu da Babbar Sallah ta gabato kuma gidaje suna shirin karɓar baƙi.

Duk wanda ya zaga Marwa a kwanakin nan zai ga shiri ya kankama. Ana cinikin raguna, teloli ba sa barci, ana shafa wa zaure fenti, ana sauya labule da darduma, mata suna fito da kwanukan da ba a taɓa su sai irin wannan lokaci. Duk wannan daidai ne, domin baƙin da ake jira sun cancanta. Wasu za su taso daga Yawunde su kwana cikin jirgin ƙasa zuwa Ngawundere, sannan su shiga mota su biyo ta Garwa, tafiyar kusan kilomita 500 kafin su iso mu. Wasu za su ƙetaro gada daga Njamena zuwa Kusiri, wasu kuma za su shigo daga Mubi ko Yola. Mutumin da ya sha irin wannan hanya, da zarar an gaisa an ba shi ruwa ya sha, abin da zai fara nema shi ne buta da wurin wanka. Ke nan wurin da muka bari baya cikin lissafi shi ne baƙo yake fara shiga tun kafin ya ɗanɗani naman ragon da muka kashe wa kuɗi.

Abin da ya sa wannan al'amari ya dame ni shi ne kunyar baƙo. Idan abinci bai yi masa ba, maigida zai gani a kwano ya sa a sake wani. Idan ɗaki ya yi zafi, za a fitar masa da shimfiɗa tsakar gida. Amma makewayi wuri ne da ba a raka mutum, kuma duk abin da ya tarar a ciki ba zai taɓa buɗe baki ya faɗa ba. Ko ya tarar ƙofar ba ta rufuwa, ko buta ba ruwa, ko ƙuda sun cika wurin, zai fito ya ce lafiya lau, ya yi godiya. Daga nan sai ya fara rage ci da sha don kada bukata ta kama shi, cikin zafin da kan haura digiri 40 a ƙasar nan, sai ya riƙa jira har ya je masallaci, sai ka ji ya ce wani uzuri ya taso zai koma kafin ranar da ya ɗiba. Namiji ke nan, wanda yake da masallaci da kasuwa. Mace baƙuwa ba ta da inda za ta je, sai dai ta daure, kuma daurewar nan tana jawo ciwon mara da ciwon mafitsara. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya girmama baƙonsa. A ganina babban ɓangare na wannan girmamawa shi ne a tanadar masa abin da kunya ba za ta bar shi ya tambaya ba.

Maganata ta fi karkata ga maza. An saba ɗaukar makewayi a matsayin aikin mata da yara, kuma gaskiya ne su ne suke shara da wanki kullum, Allah ya saka musu. Amma tsintsiya ba ta gyara daɓen da ya tsage, ba ta kwashe ramin da ya cika, ba ta kafa ƙyaure, ba ta sayen ruwa. Waɗannan duka suna bukatar kuɗi da magini da kafinta, kuma a gidajenmu maigida ne yake riƙe da wannan. Magidanta da yawa, musamman waɗanda suke da nasu bayi a turaka, kan yi watanni ba su leƙa makewayin tsakar gida ba, inda iyali da baƙi suke shiga. Ina roƙon kowane maigida ya shiga da kansa tun yanzu, sau ɗaya da rana, sau ɗaya kuma da dare, ya dubi wurin da idon wanda bai taɓa zuwa gidan ba.

Abin da zai fara dubawa shi ne ramin masai. Gidan da mutum takwas suke amfani da shi, idan Sallah ta zo yakan koma na mutum ashirin ko fiye, kuma ramin da ya kusa cika ba zai ɗauki wannan ba. Ma'aikatan tsafta suna cewa idan abin da ke cikin rami ya zo saura rabin mita ya taɓo daɓe, lokacin kwashewa ko haƙa sabo ya yi. A kira masu kwasa tun da wuri, domin a satin Sallah kowa nemansu yake yi, kuma a tabbatar da inda za su kai abin da suka kwasa, kada a biya su kuɗi su juye shi a lambatun unguwa ko a cikin kogin Mayo Kaliyawo, inda mutane suke tonon yashi su ɗebi ruwa da rani. Kada kuma a tura yaron gida ya shiga rami don a rage kashe kuɗi, domin iskar da ke taruwa a ciki tana iya sumar da mutum nan take, har ta kashe shi tare da wanda ya shiga ceto. Haka nan a dubi daɓen da ke kan ramin, musamman wanda aka ɗora a kan itace. Gara tana cin itace daga ciki ba tare da an gani ba, kuma ƙasarmu ta laka tana tsagewa da rani ta kumbura da damina, sai gefen rami ya zabtare da ruwan farko. Sallar bana tana zuwa ne daidai bakin damina. Wanda zai zuba sabon daɓen siminti ya sani cewa yana bukatar a riƙa yayyafa masa ruwa aƙalla kwana 7 kafin a taka shi, kuma ƙarfinsa ba ya cika sai wajen kwana 28. Daɓen da aka zuba ana jajibiri haɗari ne ga duk wanda ya hau shi.

Ba don ƙyanƙyami kawai nake wannan magana ba. Mu mutanen Arewa Mai Nisa ba mu manta da shekarar 2010 ba, lokacin da kwalara ta ɓarke a yankinmu gab da damina, ta yi ɓarna a Mokolo da garuruwan da ke kewaye, ta kama mutum sama da 10,000 a faɗin Kamaru, ta kashe sama da 600, mafi yawansu a nan arewa. A 2011 waɗanda suka kamu sun haura 20,000, kuma Chadi ma ba ta tsira ba a waɗannan shekaru. Abin da ya kamata kowa ya sani game da wannan cuta shi ne yawancin waɗanda ƙwayarta ta shiga jikinsu ba sa nuna wata alama, amma suna fitar da ita a bayan gida har tsawon kwana 10. Saboda haka baƙo zai iya kawo ta gidanka bai sani ba, kai ma za ka iya ba shi ya tafi da ita garinsu ba ka sani ba. Hanyarta a bayyane take: daga bayan gida zuwa hannu, ko ƙuda, ko ruwa, daga nan zuwa baki. Zazzaɓin taifot da atini da tsutsar ciki duk wannan hanya suke bi. A ranar Sallah kuwa hannu da yawa ne suke shiga kwano ɗaya.

Wannan ne ya kawo ni ga rijiya. Ƙa'idar da masana suka bayar ita ce a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiyar da ake sha, kuma ƙasan ramin ya kasance sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi. Na san a tsofaffin unguwanni, inda gidaje suka matse juna, wannan tazara ba ta samuwa, kuma ba a sati biyu za a gyara ta ba. Abin da za a iya yi shi ne ruwan irin wannan rijiya ya tsaya ga wanki da wanke daɓe, ruwan sha kuwa a tafasa shi ko a sa masa maganin tsarkake ruwa yadda ma'aikatan lafiya suka nuna. 'Yan'uwanmu na Yaguwa da Kusiri da Njamena, waɗanda ambaliyar 2022 da ta 2024 ta shafa, sun ga yadda ruwa ke shiga masai ya fito da abin da ke ciki ya gauraya da rijiyoyi, don haka su sun fi mu sanin amfanin ɗaga bakin rami sama da ƙasa.

Sai wari da ƙuda, waɗanda su ne suke fara tarbar baƙo tun daga bakin ƙofa. Masai na gargajiya yana bukatar murfi mai mariƙi wanda ya rufe bakin ramin ruf, da kuma gwangwanin toka a gefe, a riƙa barbaɗawa bayan an gama. Toka tana busar da ramin, tana rage wari, tana hana ƙuda yin ƙwai, kuma a gidan da ake girki da itace ba a sayenta. Wanda yake da hali ya sa bututun iska daga ramin ya fita sama da rufi da kamar rabin mita, a ɗaure bakinsa da raga. Wannan dabara a ƙasar Zimbabuwe aka ƙirƙiro ta a shekarun 1970, kuma yadda take aiki shi ne iska tana jan warin ta fitar da shi ta sama, ƙudan da ke cikin rami kuma suna bin hasken da suke hangowa a bakin bututun su maƙale a raga. Irin wannan masai shi ba a toshe bakinsa da murfi, domin iska tana bukatar hanyar shiga. Abin da nake roƙo a daina shi ne zuba kalanzir ko baƙin mai a rami da sunan kashe wari. Suna tsiyaya su gurɓata ruwan ƙasa, kuma kalanzir yana iya kamawa da wuta idan wani ya jefa guntun taba.

Game da ruwan javel, wato ruwan maganin da ke farar da tufafi yana kashe ƙwayoyin cuta, wanda kusan kowane gida yake saye da Sallah, akwai abubuwan da ya kamata a kiyaye. A fara wanke daɓe da sabulu da burushi, domin datti yana kashe ƙarfin javel, sannan a bi da shi a sirke gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalba, tunda ƙarfinsa ya bambanta daga wani kamfani zuwa wani. A haɗa na yini ɗaya kawai, domin wanda aka sirka ba ya daɗewa da ƙarfinsa. Kada a taɓa gauraya shi da ruwan asid ɗin da ake cire tsatsa da dattin tayil da shi, ko da wani maganin wanki na daban, domin haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu, kuma makewayi wuri ne matsattse. Kada kuma a juye shi a kwalbar lemo a ajiye a ƙasa, alhali gida zai cika da yaran da ba su san inda ake ajiye komai ba.

Ruwa shi ne babbar matsala, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Famfo a garuruwanmu yakan ɗauke a lokacin da aka fi bukatarsa, 'yan ga-ruwa kuma su ma suna da tasu Sallar. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake bukata a yini don sha da girki da ɗan tsafta. Idan kana jiran baƙi goma, duro guda mai lita 200 ke nan a kowace rana a kan abin da iyalinka suka saba sha, kuma a wannan zafi, da wanka safe da yamma, da alwala sau biyar, lissafin zai wuce haka. A cika duro da jarkoki tun kwana biyu kafin Sallah, a rufe su da murfi mai nauyi. Rufewar tana da dalili biyu. Sauro yana yin ƙwai a ruwan da aka bari a buɗe, kuma cikin sati ɗaya zuwa kwana 10 ƙwan ya zama sauro. Na biyu kuma, wanda ya fi tayar mini da hankali, yaro mai koyon tafiya yana iya faɗawa da ka cikin bokiti ko baho ya kasa fitowa, ko da ruwan bai kai rabi ba, kuma hakan yakan faru ne a ranar da manya suka yi yawa kowa yana zaton wani ne ke lura da shi. Allah ya kiyaye.

A ajiye ruwa a cikin makewayin ko a bakin ƙofarsa tun da dare, tare da moɗa mai mariƙi. Baƙon da wankan wajibi ya kama shi kafin asuba ba zai ƙwanƙwasa ƙofar uwargida ya nemi bokiti ba, balle idan gidan surukansa ne. Idan ya tarar da ruwa a ajiye, an rufa masa asiri, an kuma taimake shi a kan sallarsa. A nan akwai wani kuskure da ake yi da kyakkyawar niyya, wato a ɗiga turare ko maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙamshi a ruwan da aka ajiye wa baƙo. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ruwan da wani abu irin sabulu ko turare ya canza masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba a yin alwala ko wankan ibada da shi. Saboda haka a bar ruwan yadda Allah ya halicce shi, mai son ƙamshi ya zuba wa kansa. Butoci kuma a raba su, na shiga masai daban, na alwala daban, kuma zai fi kyau launinsu ya bambanta don baƙo ya gane ba sai an yi masa bayani ba. A wanke su ciki da waje, domin hannun buta shi ne abin da kowa yake kamawa kafin ya wanke hannunsa.

Wanke hannu da sabulu bayan tsarki shi ne abu mafi arha kuma mafi amfani cikin duk abin da na ambata, domin bincike ya nuna yana rage gudawa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ruwa kaɗai ba ya wadatarwa. A shekarar 2020, lokacin korona, bokitai masu famfo sun cika ƙofofin gidaje da shaguna, yau kuwa yawancinsu an mayar da su wurin ajiyar hatsi. A fito da su a kafa a bakin makewayi, a huda sabulu a rataye shi da igiya don kada ya narke a ƙasa ko akuya ta ɗauke, a sa baho a ƙasa ya tari ruwan. Inda sabulu ya yanke, toka ta fi babu. Soso da tawul kuwa kowane baƙo a ba shi nasa, domin ƙazuwa da makero da ciwon ido suna bin kayan da ake haɗawa, kuma sabon soso ba shi da tsada. Reza ba a haɗa ta ko kaɗan, saboda ciwon hanta da ake ɗauka ta jini ya yi yawa a yankinmu.

Ƙofa da haske ba sa bukatar dogon bayani. Tsumman da aka rataya iska tana ɗagawa ba sutura ba ce, kuma baƙo bai san alamar da 'yan gida suke yi wa juna ba. A sa ƙyaure da sakata ta ciki, ko da na langalanga ne, a kafa ƙusa biyu ko uku na rataya tufafi, a ɗaga katanga ko zana idan maƙwabci ya gina bene da ke hango wurin. A rataya fitilar sola ko tocila a inda hannu zai kai, domin wuta tana ɗaukewa, kuma kunama tana son wuri mai sanyi da laima a lokacin zafi.

Tsofaffi su ne manyan baƙin Sallah, kuma su ne makewayinmu ya fi wahalarwa. Mahaifiya ko kaka mai ciwon gwiwa tana iya tsugunawa ta kasa tashi, kuma ba za ta kira jikanta ba sai ta ga babu makawa. Ƙarfe ko sanda mai ƙarfi da aka kafa a bango, ko igiya mai kauri da aka ɗaure a sama, sun isa su ba ta abin kamawa. Kafinta zai iya yin kujera mai huda a tsakiya wadda za a ɗora a kan masai, da wata 'yar kujera ta zama a yi wanka. A kankare gansakukan da ke kan daɓe, domin santsi yake yi, kuma karayar ƙugu ga mai shekara saba'in sau da yawa ita ce ƙarshen tafiyarsa da ƙafafunsa. Dattijo mai ciwon sukari ko matsalar fitsari yakan tashi sau da dama cikin dare, don haka a sauke shi a ɗakin da ya fi kusa, a kawar da turmi da murhu da igiyar shanya daga hanyarsa.

Yaran da suka taso a Duwala ko Yawunde a gidajen da ake zama a kan masai sukan ji tsoron rami, su ƙi shiga, su je bayan ɗaki. Kada a yi musu dariya ko faɗa. A tanadi fo, a kuma tabbatar bakin ramin bai wuce faɗin santimita 25 ba. Akwai masu ganin kashin jariri ba ƙazanta ba ce sosai, alhali ƙwayoyin cutar da ke cikinsa sukan fi na babba yawa, saboda haka a juye shi a masai nan take, a wanke fo da sabulu, mai wankewar ma ta wanke hannu. A ajiye kwandon shara mai murfi da leda a ciki saboda ƙunzugun jarirai da audugar mata, domin baƙuwar da ba ta ga inda za ta jefa ba ko dai ta tura a masai ya toshe, ko ta ɓoye a jakarta cikin damuwa. Wannan magana ce da uwargida za ta raɗa wa baƙuwarta tun ranar da ta sauka.

Safiyar Idi ita ce lokacin cunkoso, domin kowa yana son wankan Idi a sa'a ɗaya, kuma liman ba zai jira ba. A gidan da masai da wurin wanka suke haɗe, mutum ɗaya yakan tsare mutum goma sha. Maganin wannan ba shi da wuya: a kewaye wani lungu da zana don wanka kawai, a haƙa ɗan rami a cika shi da tsakuwa da yashi ya shanye ruwan, kada ya malala waje inda mutane za su bi da sababbin tufafi. Idan wannan kewaye ya kasance kusa da zaure, baƙi maza sun huta da ratsa tsakar gida da buta a hannu a gaban surukai da matan gida, matan ma sun huta da ɓuya duk lokacin da aka yi sallama.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da layya. Na sha ganin ana wanke tumbi da hanji a wurin wanka saboda nan ne ake da daɓe da magudana, ana ɗauraye nama da butar masai, ana tura dattin tumbi cikin rami ko lambatu. Wannan haɗa abinci da najasa ne, kuma kitse da dattin tumbi suna toshe magudana, su ruɓe cikin yini ɗaya, su tara ƙuda a daidai lokacin da nama yake rataye a tsakar gida. A haƙa rami tun jajibiri, nesa da rijiya, a yi yanka a bakinsa, a zuba jini da dattin ciki a ciki, a rufe da ƙasa. Ruwan aikin nama da kwanukansa da wuƙaƙensa kada su kusanci makewayi. Ya kamata kuma kowane gida ya ajiye gishirin gudawa na asibiti. Idan babu, lita 1 na tsaftataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri suna riƙe mai gudawa kafin a kai shi asibiti, kuma idan gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, kada a jira gari ya waye.

Wani zai ce wannan duka maganar masu hali ce, talaka da ƙyar yake haɗa kuɗin cefane. Na yarda rayuwa ta yi tsada, kuma ba na cewa kowa ya sa tayil. Na shiga makewayin zana da daɓen ƙasa a ƙauye wanda aka share, aka barbaɗa toka, aka rufe ramin, aka ajiye ruwa da sabulu, na fito hankalina kwance. Na kuma shiga na tayil a birni wanda ba a iya tsayawa cikinsa. Toka da tsintsiya da murfi da ƙusa da igiya ba su kai kuɗin hula ɗaya ba. Wanda kuwa yake da halin sayen babban rago, yana da halin sayen wanda bai kai shi ba matuƙar ya cika sharuɗɗan layya, ya sa ragowar a ƙyaure da sakata da duron ruwa, waɗanda iyalinsa za su ci gaba da amfani da su bayan baƙi sun tafi. A gidajen haya, inda iyalai da yawa suke haɗa makewayi ɗaya, a zauna tun yanzu a raba kwanakin wanki, a haɗa kuɗin ruwa da sabulu, a kuma tuna wa mai gidan cewa kwashe rami haƙƙi ne a kansa.

Ina kira ga limamanmu su taɓo wannan a huɗubar Juma'ar da ke gaban Sallah, domin abin da aka ji daga mumbari ya fi shiga kunnen magidanta, kuma su sa kwamitocin masallatai su duba nasu wuraren alwala da bayi, tunda matafiya da yawa nan suke dogaro. Lawanai da jaurawa, wato masu sarautun unguwanni da ƙauyuka, su ma suna da bakin faɗa a unguwanninsu game da lambatu da inda ake zubar da abin da aka kwaso.

Malam Edita, ina roƙon a buga wannan wasiƙa kafin watan Zulhajji ya kama, domin masu aikin siminti su samu kwanakin da daɓe yake bukata. Zan kuma so magina da ma'aikatan tsafta na Kusiri da Yaguwa da Njamena, inda ruwa yake kusa da saman ƙasa, su rubuto wa wannan jarida yadda suke gina ramin da ba ya rushewa da damina, da irin bulon da suke jera masa, da tsawon da suke ɗaga bakinsa. Allah ya kai mu Sallah lafiya, ya kawo baƙinmu lafiya, ya mayar da su gidajensu lafiya.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani magidanci daga Marwa, Jihar Arewa Mai Nisa, Kamaru